Na fesa fenti a gida ya fito dabbare-dabbare, ina gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fesa wa bamba da fendar motata fenti ruwan silba a gida, sai ya fito layi-layi, nan duhu can haske, daga ƙasa kuma ya zubo kamar hawaye. Na ƙara shafi biyu, abin sai gaba yake. Tun ranar ƙirjina yake min nauyi, alhali na sha madara da na gama. Ko fentin ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, aikin zai gyaru, kuma da wuya laifin fentin ne. Silba ba ya rufa wa hannu asiri. Ƙwayoyin alminiyan da ke cikinsa suna kwanciya daban inda fenti ya jiƙe da yawa, su miƙe inda ya sauka a bushe, shi ne layin da kake gani. Galibi wuyan hannu kake juyawa, bakin bindigar feshi ya matso a tsakiya, ya yi nisa a gefe.

Daina ƙara shafi. Bar shi ya bushe sosai, ka goge da samfefa mai lamba 800 da ruwa, a kan ɗan katako mai laushi, har hawayen ya baje. Inda ƙarfe ko roba ya leƙo, mayar da faraima, wato fentin shimfiɗa, don ƙasan ya zama launi ɗaya. Bindiga mai baki milimita 1.3, ƙarfin iska wajen bar 2 a ma'auni, tazara santimita 15 zuwa 20. Tafi da dukan hannu a miƙe, kowane layi ya hau rabin na baya, ka danna kunamar bindigar kafin ka iso ƙarfen, ka saki bayan ka wuce. Shafi biyu ko uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 a tsakani, sannan wani siriri daga ɗan nesa, sai kiliya, wato shafin ƙarshe marar launi mai sa sheƙi. Zubar da ruwan tankin kwamfresa tukuna, kuma tina za ka sa wajen tsinka fentin, ba fetur ba.

Maganar madarar nan ta fi bamba damuna. Kullum sai an ji ta a bakin masu fenti, wai madara tana wanke fenti daga ƙirji, ogan ya faɗa wa yaro, yaro ya girma ya faɗa wa nasa, har a wasu wuraren kuɗin madara yana cikin kuɗin aiki. Don Allah, madara ciki take tafiya, feshi kuwa huhu yake shiga, a ina za su haɗu? Hadinar da ake zuba wa kiliya don ta ƙame tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma. Ba sai ka ji warinsa yake cutarwa ba, kuma idan jiki ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma ya isa ya toshe maka numfashi, wani lokaci sai cikin dare, bayan an tashi aiki. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin asibiti ba sa tare shi. Takunkumi mai matatar gawayi shi ne mafi ƙaranci, ga aikin kiliya kuwa mai turo iska ta tiyo ne daidai. Kada ka yi feshi a zaure ko tsakar gida inda yara da murhu suke.

Ajiye bindigar, ka je asibiti a yau, ka tafi da gwangwanin hadinar likita ya karanta abin da ke jikinsa.