Gyaran Albashi da Ƙa'idojin Aiki a Hukumar Ƙaramin Gari: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Tambaya: Malam, ni sabon kansila ne, kuma an sanya ni cikin kwamitin da zai sake duba albashin ma'aikatan hukumar garinmu. Ma'aikatan ba su wuce arba'in ba, amma an shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jadawalin albashinsu ba. Wasu abokan aikina suna ganin a ƙara wa kowa kashi 10 cikin 100 a wuce wurin. Ta ina ya kamata mu fara? (Daga wani kansila)

Amsa: Ranka ya daɗe, shawarata ita ce ku fara da aikin kafin ku zo kan kuɗin. Shekara goma sha ɗaya ta isa ta sauya kowane ofis, kuma da wuya a ce abin da ke rubuce a takardar ɗaukar ma'aikaci shi ne abin da yake yi a yau. Za ka tarar da akawun da aka ɗauka domin buga takardu, amma tun da wata abokiyar aikinta ta yi ritaya ita ce ke karɓar kuɗin shiga, ita ce ke yanke rasit, kuma makullin akwatin kuɗi a jakarta yake kwana, alhali albashinta yana nan a matakin mai buga takardu. Idan aka yi wa kowa ƙari bai-ɗaya, wannan rashin adalcin yana nan daram, sai dai ma ya ƙara faɗi.

Saboda haka ku zauna da kowane ma'aikaci, ku tambaye shi abin da yake yi daga shigowarsa da safe har tashinsa, sannan ku tabbatar da bayanin daga bakin shugaban sashensa. A hukuma mai mutum arba'in wannan ba zai wuce 'yan makonni ba, kuma ba dole ne sai kun ɗauko ƙwararru daga waje ba. Daga nan sai a auna kowane aiki da ma'auni huɗu da masana harkar ƙwadago suka daɗe suna amfani da su, wato ƙwarewar da aikin ke buƙata, da wahalar da ake sha a jiki ko a tunani, da nauyin da ke wuyan mai yin sa, da kuma yanayin wurin da ake yin sa. Ana auna kujerar ne, ba wanda ke zaune a kanta ba, kuma a nan ne ƙananan garuruwa suka fi tuntuɓe, domin kowa ya san kowa. Duk ɗan kwamitin da ake tattauna aikin ɗan'uwansa ko surukinsa, ya bayyana hakan, ya fita daga ɗakin har a gama, a kuma rubuta fitarsa a cikin bayanin taro.

Kada a ɗauki wannan awo a matsayin ɓata lokaci. Yarjejeniya mai lamba 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1951, ta ce a biya mace da namiji daidai idan ayyukansu darajarsu ɗaya, ko da kuwa ayyukan ba iri ɗaya ba ne. Majalisar birnin Bamingham a Ingila ta ga abin da sakaci da wannan ke jawowa. Ta yi shekaru tana ba wa ayyukan da maza suka fi yawa a cikinsu, kamar kwashe shara, wasu kuɗaɗe na musamman waɗanda mata masu dafa abinci da masu goge-goge da masu kula da tsofaffi ba su samu ba, duk da cewa matakinsu ɗaya. Matan suka kai ƙara suka yi nasara, kuma a watan Satumban 2023 majalisar ta sanar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, a lokacin da ake ƙiyasin bashin da ya rage a kanta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Wannan babban birni ke nan, to ina ga ƙaramin gari wanda shari'a ɗaya tak za ta iya cinye masa kuɗin ayyukan shekara guda?

Bayan kun jera ayyukan daga ƙasa zuwa sama, sai ku dubi abin da ake biya a waje. Ku zaɓi garuruwa biyar ko shida da suka yi kama da naku wajen yawan jama'a da kuɗin shiga, ku haɗa da wuraren da ma'aikatanku suka saba komawa idan sun bar ku, domin su ne ainihin abokan gasarku. Ku kwatanta komai gaba ɗaya, albashi da alawus da fansho da hutu da kuɗin magani, saboda wani garin albashinsa ƙarami ne amma sauran haƙƙoƙinsa sun cike gurbin.

Game da ƙarin kashi 10 ɗin nan, akwai lissafi biyu da nake so ka kai wa abokan aikinka. Na farko, mai karɓar 100 zai samu ƙarin 10, mai karɓar 500 kuma zai samu 50, ke nan tazarar da ke tsakaninsu ta tashi daga 400 zuwa 440, kuma wanda tsadar rayuwa ta fi gallaba shi ne ya samu mafi ƙaranci. Za a iya rage wannan ta hanyar raba ƙarin gida biyu, a ba kowa wani adadi iri ɗaya, sannan a ɗora kaso a kai. Na biyu, idan albashi yana cin kashi 60 cikin 100 na kasafin hukuma, ƙarin kashi 10 yana nufin kashi 6 na dukkan kasafin, kuma ba na bana kaɗai ba, har da duk shekarun da ke tafe, ban da abin da zai ƙaru a gudummawar fansho. Ku sa ma'aji ya lissafa muku nauyin na shekara uku zuwa biyar kafin ku ɗaga hannu. Idan aljihun hukuma ba zai ɗauka lokaci ɗaya ba, a raba gyaran kashi-kashi, a fara da waɗanda aka fi bari a baya, a kuma rubuta ranar da kowane kashi zai fara aiki. Na fi son a yi wa ma'aikata ƙaramin alkawari a cika a kan kari, da a yi musu babba a dawo ana bin hukuma bashin albashi.

Wataƙila ku tarar da mutum ɗaya ko biyu da ake biya fiye da darajar aikinsu. Abin da aka saba yi shi ne a bar albashinsu yadda yake, a dakatar da ƙari har jadawalin ya kamo su, domin ba su ne suka yi kuskuren ba, kuma rage albashin mutum ba da yardarsa ba yakan ci karo da doka.

Tambaya: Shekarata goma sha huɗu ina aiki a ofishin hukumar garinmu. Kwanan baya aka ɗauki wani matashi, ni ce ma nake koya masa aikin, sai na gano cewa kaɗan ya rage albashinsa ya kai nawa. Ban da wannan, hutu a wurinmu sai wanda shugaba ya ga dama, kuma ana ta ambaton littafin ƙa'idojin aiki amma ban taɓa ganinsa da idona ba. Me kake ba ni shawara? (Daga wata ma'aikaciya)

Amsa: Malama, damuwarki tana bisa hanya, kuma ba laifin matashin ba ne. Abin da ke faruwa shi ne hukuma tana ɗaga albashin shiga domin ta samu masu neman aiki, amma ta bar tsofaffin ma'aikata a inda suke, sai matakan su matse har gogewa ta rasa daraja. Ga kuma hauhawar farashi tana cin albashin da ya tsaya cak ba tare da an ji motsinta ba: idan farashi yana tashi da kashi 5 cikin 100 kowace shekara, cikin shekara biyar albashin ya yi asarar fiye da kashi 20 na abin da yake iya saye.

Kada ki je wurin shugabanni da maganar albashin wani, domin nan take za a mai da batun ya zama na hassada. Ki ɗauki takarda ki rubuta ayyukan da kike yi yanzu, ki ajiye ta gefen takardar da aka ɗauke ki aiki da ita, ki nuna abin da ya ƙaru, har da horar da sababbin ma'aikata, sannan ki nemi a sake auna matsayinki. Ki miƙa buƙatar a rubuce, ki riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Idan kuna da ƙungiyar ƙwadago ki bi ta hannunta, domin na tabbata ba ke kaɗai abin ya shafa ba.

Batun littafin ƙa'idoji ya fi damuna fiye da na albashin. Ƙa'idar da ke kulle a durowar shugaba ba ta kare kowa, kuma ita ce ke haifar da 'yan mowa da 'yan bora a ofis ɗaya. Haƙƙinki ne ki nemi a ba ki kwafi. Littafin kirki zai faɗi yadda ake tallata gurbi da ɗaukar ma'aikaci, da tsawon lokacin gwaji, da awannin aiki da yadda ake biyan wanda ya yi aiki bayan tashi, da kwanakin hutu iri-iri, da sharuɗɗan ƙarin girma, da matakan ladabtarwa, da wanda ake kai wa kuka idan shugaban sashe shi ne ake ƙara. Domin ki samu abin aunawa, Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 132 ta 1970 ta sanya hutun shekara mai albashi da bai gaza makonni uku na aiki ba, mai lamba 183 ta 2000 ta sanya hutun haihuwa na aƙalla mako 14, mai lamba 158 ta 1982 kuma ta ce kada a sallami ma'aikaci saboda halinsa ko gazawarsa sai an ba shi damar kare kansa. Waɗannan yarjejeniyoyi suna hawa kan ƙasashen da suka rattaba musu hannu ne kawai, don haka dokar ƙwadago ta ƙasarki ita ce abin dubawa na farko, kuma littafin hukuma ba shi da ikon ba ki ƙasa da abin da dokar ta ba ki. Shugaba yana iya tsara lokacin da kowa zai tafi hutu domin kada ofis ya zama wayam, amma hutun kansa ba kyauta ba ce daga gare shi.

Tambaya: Ni ba ma'aikaci ba ne, mai biyan haraji ne kawai. Shin ina da hurumin sanin abin da ake biyan shugabannin hukumar garinmu? (Daga wani mazaunin gari)

Amsa: Kana da shi, Malam, tun da daga aljihunka ake biyansu, ko da yake hanyar neman bayanin ta danganta da dokar ƙasa. Ba lallai ne a kafe sunan kowane ƙaramin ma'aikaci da abin da yake karɓa ba, amma jadawalin matakai da cikakken abin da ake biyan shugabanni da kansiloli, har da alawus, ya kamata su kasance a fili.

Abin da ya faru a garin Bell na jihar Kalifoniya a Amurka ya isa hujja. Gari ne da mutanensa ba su kai dubu arba'in ba, kuma yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin, Robert Rizzo, yana karɓar kusan dala 800,000 a shekara, wato kusan ninki biyu na albashin shugaban ƙasar, yayin da yawancin kansilolin ke karɓar kusan dala 100,000 a kan aikin da ba na cikakken lokaci ba ne. Akasarin kuɗin kansilolin yana fitowa ne daga zama a wasu kwamitocin da ba su cika yin taro ba, idan ma sun yi, cikin 'yan mintuna sun tashi. A 2014 aka yanke wa Rizzo hukuncin ɗaurin shekara 12. An ɗauki shekaru ana wannan ɓarna saboda kuɗin a warwatse suke cikin takardu daban-daban, kuma ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya tara.

Don haka idan majalisarku ta zo gyaran albashi, ka halarci zaman, ka nemi a karanta jimillar abin da kowane babban muƙami zai ci a shekara, ba gundarin albashi kaɗai ba. Ka kuma nemi a sanya sharaɗin cewa duk ƙarin da kansiloli suka amince wa kansu ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓe mai zuwa, sannan a tsayar da lokacin sake duba jadawalin, misali duk bayan shekara uku, a rubuta shi cikin ƙudurin da za a zartar a ranar.