Muryar da Koci ya turo zauren 'yan ƙwallon unguwa a kan kuɗin cinikin 'yan wasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka tun bayan sallar la'asar, inda kake tambaya ko yuro miliyan 75 da Galatasaray ta biya a kan Osimhen a 2025 duk aljihunsa suka shiga. Amsa a taƙaice ita ce a'a, tsohuwar ƙungiyarsa Napoli aka biya. Amma na san ba Osimhen ne ya dame ka ba. Maganar yaron gidanku ce, da mutumin nan da yake zarya filin atisaye yana cewa zai kai shi Turai, don haka ka saurare ni da kyau.

Ba mutum ake saya ba, kwantiragi ake warwarewa. Ɗan wasa ya sa hannu zai yi wa ƙungiya wasa na shekara huɗu ko biyar, to idan wata ƙungiya tana son sa kafin wa'adin ya cika, dole ta biya mai riƙe da takardar har ta yarda ta sake shi. Shi ya sa farashi yake bin sauran shekarun da ke kan takarda, ba ƙwarewa kaɗai ba. Mai saura shekara huɗu yana da tsada, mai saura shekara ɗaya farashinsa ya karye, wanda kuma ya rage masa wata shida dokar FIFA ta ba shi damar ya ƙulla da wata ƙungiya tun kafin ya tashi. Haka Mbappe ya bar PSG zuwa Real Madrid a 2024 ba tare da an biya PSG kuɗin saye ba. Wannan 'yanci ya samo asali ne daga wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Bosman, wanda kwantiraginsa ya ƙare a 1990 amma ƙungiyarsa ta tsare masa hanya, ya yi ta shari'a har kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya a 1995.

Mutane suna cewa irin wannan ya tafi kyauta. To, bari in gyara, domin ni ma na saba faɗin haka kuma ba daidai ba ne. Ba kyauta ba ne, kuɗin ne ya sauya hanya: abin da za a ba tsohuwar ƙungiya sai a karkatar da wani ɓangarensa zuwa kuɗin sa hannu da albashi da la'adar wakili. Nan ne ɗan wasa yake cin nasa rabon, a albashi da kuɗin sa hannu da ladan cin ƙwallo ko cin kofi. Akwai kuma kuɗin fansar kai da ake rubutawa a kwantiragi, musamman a Sifaniya, wanda da zarar an ajiye shi ƙungiya ba ta da ta cewa. Da shi PSG ta ɗauke Neymar daga Barcelona a 2017 a kan yuro miliyan 222. Sannan yawancin waɗannan kuɗaɗe biya-biya ake yin su cikin shekaru, kuma a littafin lissafi ana raba su a kan tsawon kwantiragi, shi ya sa Chelsea ta riƙa ba 'yan wasa shekara takwas. Amma wannan aikin akawu ne, mu bar shi, ba shi ya tara mu ba.

Mu dawo gida Jos. Mikel Obi a nan garin ya tashi, ya bi ta Plateau United ya tafi Lyn ta Norway. Da rikici ya ɓarke a kansa tsakanin Manchester United da Chelsea, sai da Chelsea ta biya fam miliyan 16 a 2006, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4, alhali bai taɓa buga wa United ko wasa ɗaya ba. Me United ta riƙe? Takarda mai sa hannu. Ahmed Musa kuma, duk da ƙwallayen da ya zuba a Kano Pillars, da ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010 sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga musu wasa, domin doka ta hana a ƙetare da yaron da bai kai 18 ba, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Yaronku shekararsa 16. Wace ƙungiya ce ta gaskiya za ta yi masa rajista yanzu?

Abin da yake ci mini rai har gobe shi ne kashi biyar cikin ɗari. Doka ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a cire kashi biyar a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ni na raini wani yaro shekara shida a filinmu mai tsakuwa. Lokacin sanyin Disamba, da asuba hazo ya rufe gari, yana zuwa da takalmi ɗaya da ya ɗaure da roba, ni nake saya masa shayi da burodi bayan atisaye. Wani dillali ya zo ya ɗauke shi, aka sauya masa suna na ƙungiya a takarda, aka ce wata makarantar ƙwallo ce ta raine shi. Da aka sayar da shi karo na biyu a waje, muka je neman haƙƙinmu, sai aka tambaye mu shaidar rajista a hukumar ƙwallo. Ba mu da ita. Hotuna muka kai da littafin da nake rubuta sunayen masu zuwa atisaye, aka ce wannan ba hujja ba ce. Ko ƙwallo ɗaya ba mu samu ba, kuma har yau ragar da muke ɗaurawa ita ce ta wancan lokacin. Ban ga laifin yaron ba, bai san komai ba.

Saboda haka, ƙanena, ka gaya wa Baba kada ya sayar da filinsa don ya biya mutumin nan. Wakili na gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma la'adarsa tana fitowa ne bayan an ƙulla ciniki, ba ya karɓar kuɗin jirgi da na biza a hannun iyaye. Ku nemi lambar lasisinsa, ku nemi wasiƙar gayyata daga ƙungiyar, ku tuntuɓi ƙungiyar da kanku. Idan ya kawo takarda, ku duba shekarun da ke ciki, domin yaron da bai kai 18 ba ba a ɗaure shi fiye da shekara uku. Ka kawo mini ita gobe bayan magariba, akwai lauyan da za mu kai wa ya karanta kafin kowa ya taɓa biro.