Amsa: Ruwan nono na zuba tun cikina yana wata biyar

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya sauke ki lafiya. Kin ce cikinki wata biyar, kina tashi da safe ki tarar rigarki ta jiƙe da wani ruwa mai kauri, launin rawaya. Kwantar da hankalinki, dakashi ne. Nono kan fara haɗa shi tun wajen mako na 16, wasu ya ɗiga, wasu ko ɗigo ba sa gani har su haihu, kuma duk lafiya. Zubar ba za ta ƙarar da shi ba. Nauyin da kike ji a nono, duhun kewayen kan nono da 'yan ƙurajen da ke fitowa a wurin, duk aikin ciki ne.

Ki sa ƙyalle mai tsabta cikin rigar mama, ki riƙa sauyawa. Kada ki riƙa matsawa don ki duba, yawan murza kan nono na iya tayar da ciwon mara irin na naƙuda.

Amma in kin ga jini, ko kin taɓa ƙullutu, ko nono ɗaya ya yi ja da zafi ga zazzaɓi, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti.

Kuma in kin sauka, ko gwaggo ta ce a tatse dakashin a zubar, ki ba jariri abinsa, kariya ce daga cututtuka.