Kalmar kaki ta Hausa ce ko ta Turanci?

Tambaya: Malam barka da aiki. Mun yi musu da abokaina a majalisa, wasu sun ce kaki Hausa ce tsantsa, ni kuma na ce Turanci ce. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: To malam, kai ka fi kusa da gaskiya, daga bakin Turawa muka karɓe ta, amma su ma aro suka yi a Indiya. A Urdu ana cewa khaki, wato mai launin ƙasa ko ƙura, ita kuma daga Farisanci ta fito, inda khak ke nufin ƙasa.

Yadda abin ya faru shi ne, da can sojan Ingila jar riga yake sawa, tun daga nesa kana hango shi, ga zafi ga ƙura ga maharba a bayan duwatsu. A 1846 aka ba wani hafsa Harry Lumsden aikin kafa runduna a yankin Peshawar, Pakistan ta yanzu, sai ya ga wannan jan kaya ba zai yi ba, yaransa suka koma sa tufa mai kalar ƙasar wurin, mutum ya laɓe a gindin dutse sai ka rantse babu kowa. Lokacin boren da Indiyawa suka yi wa Ingila a 1857 wasu rundunoni suka kwaikwaya, suna rina fararen kayansu da ruwan shayi ko laka, kowa da irin tasa kalar. Zuwa yaƙin da Ingila ta yi da Bowa, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, 1899 zuwa 1902, kaki ya riga ya zama kayan fagen daga.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne harafin farko. Galibi kalmar da ta zo mana daga Larabci da wannan sauti na maƙogwaro, wato kh, h muke mayar da shi, duba Alhamis, hamsin, halifa, alheri. Da ta wannan hanya ta biyo da haki za mu ce. Amma Bature bai iya furta shi ba sai ya ce k, mu kuma a haka muka ji ta a barikin sojan mulkin mallaka zamanin su Lugga.

Kuma a wurinmu ma'anar ta wuce launi, ɗan sanda ko da baƙi ya sa mai kaki ne, haka kwastan da 'yan bautar ƙasa. Kakin majina da kakin zuma kuwa babu ruwansu da wannan, ina jin su ne suka rikita abokan naka.