Ina Binciken Injiniyoyin Jami'a Yake Zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magini ne, ina zaune a Rigasa. Ɗana yana shekara ta huɗu a sashen injiniyan gine-gine a Zariya, kuma duk zuwansa gida zancensa bincike ne: na siminti, na wuta, na kwamfuta, na hanya. To amma ga hanyar unguwarmu ta farfashe, wuta sai an ga dama, siminti kullum sama yake yi. Shin binciken nan yana haifar da wani abu kuwa, ko takarda ce kawai ake tarawa don a ba yaro shaida?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka. Binciken na gaske ne, kuma da yawansa mai kyau ne. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa. Zan ɗauko misali daga sana'arka, don a nan abin ya fi fitowa fili.

Ka san buntun shinkafa da ake jibgewa a bayan injin casa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera buntu ne, idan kuma aka ƙona buntun, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa ne ke zama toka. Tokar nan cike take da sinadarin silika, fiye da kashi 80 cikin 100. Lokacin da siminti ya haɗu da ruwa yana kamawa, yakan bar wani farin sinadari dangin farar ƙasa wanda ba ya ƙara wa kankare wani ƙarfi. Silikar tokar ce ke cinye wannan ragowar ta mayar da ita abin ɗauri, sai ƙananan kofofin da ke cikin kankaren su toshe, ruwa ya rage shiga. Shi ya sa gwaje-gwaje a ƙasashe da dama, har da nan gida, suka nuna ana iya cire kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na siminti a sa wannan toka, kankare kuma ya yi ƙarfin da ake nema. A Jami'ar Ahmadu Bello an daɗe ana irin wannan aiki, da tokar buntu, da ta ɓawon rake, da ta ɓawon ɗorawa, musamman wajen ƙarfafa jar ƙasa ta shimfiɗar hanya. Na ɗorawar ma ba baƙo ba ne a wurinka, tunda kakanninmu da makuba suke shafe da daɓe tun kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa.

To me ya hana ka samu buhun wannan toka a kasuwa? Na farko, ba kowace toka ba ce. Sai an ƙona buntun a zafin da aka daidaita, wajen digiri 500 zuwa 700. In zafi ya wuce kima, silikar ta daskare ta zama kamar yashi, ba ta aiki. In bai kai ba, gawayi ya rage a ciki, ya sha ruwa ya raunana kwaɓin. Ɗalibi yana iya samun wannan a ƙaramar tanderun ɗakin gwaji, ya ƙona abin da bai wuce kwano biyu ba, ya niƙa, ya zuba kankare a ƙananan mazubai, ya jiƙa su, ya murƙushe wasu da inji a kwana 7, wasu a kwana 28, ya rubuta sakamako. Aikinsa ya yi daidai. Amma tan guda na shinkafa bai fi ya ba ka toka kilo 40 ba, wato bai kai buhun siminti ɗaya ba. Kafin abin ya zama sana'a sai an sami mai tattara buntu daga injina masu yawa, mai gina babbar tanderu, mai injin niƙa, sai hukumar kula da ingancin kaya ta amince da ma'auninsa, sannan a sami ɗan kwangilar da zai yarda ya sa shi a gini ya kuma sa hannu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba aikin malamin jami'a ba ne, ba shi da kuɗinsa kuma. A ƙasashen da bincike ke zama kaya, masana'antu ne ke ɗaukar wannan zango.

Nan ne Kaduna ta yi babban rashi. Garin da ya sami masaƙa tun 1957, da masana'antar kayan tsaro a 1964, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980, a da yana da masu kawo wa injiniya matsala su kuma karɓi maganinta. Da masaƙun Kakuri suka rufe, ba ma'aikata kaɗai suka rasa aiki ba, makarantunmu ma sun rasa abokan aiki. Makarantun kuwa suna nan: jami'ar Zariya tun 1962, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da aka kafa a 1986, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Mando. Ka duba jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi, da aka ƙaddamar a nan Kaduna a Fabrairun 2018. Injiniyoyin sojan sama ne suka yi shi tare da wani kamfani na ƙasar Fotugal. Abin da ya fitar da shi daga takarda shi ne akwai mai buƙatarsa da ke jira, da kuɗi a hannu.

Batun hanyarku kuma, gaskiya ba ƙarancin bincike ne ya fasa ta ba. Abin da ke kashe hanya sananne ne: ruwa da lodi. Kwalta ba ita ke ɗaukar nauyi ba, ƙasar da aka daddaɓe a ƙarƙashinta ce. Da zarar magudana ta toshe ruwa ya kwanta ya jiƙa wannan ƙasa, ƙarfinta ya tafi, kwaltar ta bi ta. Shi kuwa lodi, tun wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 aka gano cewa in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da zai yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Don haka tirela guda da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci illa. Wannan duk yana cikin littafin ɗanka. Abin da ya rage shi ne ma'aunin lodi a kan hanya, da yashe magudana kafin damina, da mai duba aiki da ba ya karɓar na goro. Shi ya sa kuma masu nazarin sufuri ke ta kiran a mayar da kaya masu nauyi kan layin dogo. Layin da ya tashi daga unguwarku zuwa Abuja, mai tsawon kilomita 186, tun 2016 yake aiki, amma siminti da mai da taki har yanzu galibi a kan kwalta suke tafiya.

Wuta kuwa labarinta ya sha bamban, don a nan ba za a bar ɗalibi ya yi gwaji da babban layin wutar ƙasa ba. Aikin a kwamfuta ake yinsa: a zana tashoshi da layuka, a ga abin da zai faru in layi ɗaya ya faɗi. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake ja a kowane lokaci. In ma'aunin ya karkace da yawa, injinan tashoshi sukan cire kansu don kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ka ji an ce babban layi ya faɗi. Wanda duk ya yi irin wannan lissafi ya san Arewa na rataye ne a kan layuka ƙalilan, babba cikinsu shi ne wanda ya taso daga Shiroro zuwa tashar Mando. A Oktoban 2024, da aka lalata wannan layi, sannan na ɓangaren Enugu zuwa Makurdi ya faɗi, kowa ya ga kwanakin da muka yi a duhu. Ganin matsalar bai yi wuya ba. Gina layi na biyu da na uku shi ne mai cin biliyoyi.

A ɓangaren wuta, ni binciken da na fi sa wa rai shi ne ƙarami wanda mutum zai iya amfani da shi gobe. Misali, faifan sola yana rage ƙarfi kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da zafinsa ya haura 25, ga kuma ƙurar hunturu da ke rufe fuskarsa. Wanda ya auna wannan shekara guda cur a Kaduna, ya gaya wa masu haɗa sola girman da ya kamata su sa da kwanakin da za a riƙa gogewa, ya yi aikin da ba ya jiran gwamnati. Na kwamfuta ma haka: shi ne ya fi saurin isa hannun jama'a, don ba ya buƙatar tanderu ko masana'anta, sai dai yana buƙatar bayanai na gaskiya, su kuwa samun su a wurinmu aiki ne ja.

Ban wanke jami'a tas ba. Akwai aikin da ake maimaitawa shekara da shekaru, a canja sunan toka kawai, saboda ƙarin girman malami ya fi dogara ga yawan takardun da ya wallafa, ba ga abin da ya shiga kasuwa ba. Akwai kuma injinan gwaji da suka tsufa. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana ba da kuɗin bincike, amma kuɗin kai samfuri zuwa masana'anta shi ne ya yi ƙaranci.

Game da ɗanka, a shekara ta huɗu ake tura su koyon aiki na wata shida, a ta biyar kuma su yi aikin kammalawa. Kai kana da abin da yawancin abokansa ba su da shi: wurin gini da matsaloli na gaske. Ka ce masa ya ɗebo bulo daga wuraren buga bulo daban-daban na Rigasa da Kawo da Tudun Wada, ya tambayi bulo nawa kowa ke fitarwa daga buhu ɗaya, ya kai su ɗakin gwaji ya auna ƙarfinsu da yawan ruwan da suke sha, ya kwatanta da ma'aunin hukuma. Ya auna yashin da kuke saye ma, ya ga yawan laka da ke cikinsa. Sakamakon kuma ya rubuta shi da Hausa a shafi biyu, ka kai wa ƙungiyarku ta magina.