Cin abinci da iyo a otal ɗin shaƙatawa ga wanda bai kama ɗaki ba

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce za ku yi tafiyar hutu ke da maigida da yara, kun kama masauki mai sauƙin kuɗi, amma kusa da ku akwai wani katafaren otal na shaƙatawa a bakin teku, kina son sanin ko za a bar ku ku ci abinci a ciki, yara kuma su yi iyo, alhali ba can kuka sauka ba. Na daɗe ina irin wannan tafiya da iyalina, kuma abin da na gani shi ne: abinci kusan ko'ina za a sayar muku hannu bibbiyu, iyo kuwa sai an tambaya, sau da yawa ma sai an biya.

Maganar abinci ba ta da wuya. Gidan abincin otal kasuwanci ne, kuma baƙin da ke ɗakuna ba su cika cinye duk teburan ba, musamman da rana lokacin da suka fita yawo. Saboda haka mai zuwa daga waje ciniki ne ya kawo musu. Otal-otal ɗin Disney da ke Florida a Amurka misali ne mai kyau: kowa na iya kama teburi a gidajen abincinsu, amma wuraren iyon na waɗanda suka sauka a otal ɗin ne. Abin da nake ba ki shawara shi ne ki kama teburin tun kafin ku tashi, ta waya ko ta intanet, ki ajiye saƙon tabbatarwa a wayarki. A wurare da dama wannan saƙon ne zai wuce da ku ƙofa. Otal ɗin Burj Al Arab na Dubai, wanda aka buɗe a 1999, yana kan wani ɗan tsibiri da aka gina, gada ɗaya ce ke kaiwa gare shi, kuma tun daga bakin gadar ake tambayar shaidar cewa an ajiye maka wuri. Ba a zuwa hakanan a ce an zo kallo.

Inda lissafi ke canzawa shi ne otal mai tsarin biya ɗaya, wato wanda kuɗin ɗaki ya haɗa da ci da sha da wasanni duka. Kamfanin Club Med, wanda aka kafa a 1950, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan tsari, yanzu kuma tsarin ya cika wurare irin su Antalya a Turkiyya, Sharm el-Sheikh a Masar, da Kankun a Meziko. A irin wannan otal ana ɗaura wa kowane baƙo wani ɗan awarwaron roba a hannu, kuma ma'aikaci hannunka zai duba kafin ya dubi fuskarka. Babban ɗakin abincinsu, inda kowa ke ɗiba da kansa, galibi ko wurin karɓar kuɗi babu, domin an riga an biya tun a ɗaki. Ke nan ko kina riƙe da kuɗinki, mai hidimar teburi ba shi da yadda zai yi ya karɓa. Ko dai su sayar miki da tikitin yini, wato izinin shiga na yini ɗaya ga wanda bai kama ɗaki ba, a teburin tarbar baƙi su ɗaura miki naki awarwaron, ko su ba ki haƙuri. Don haka abu na farko da za ki gano shi ne ko otal ɗin nan irin wannan ne.

Yanzu maganar iyo, wadda na san ita ce ta fi damun yara. A nan ne mutane suka fi shan kunya, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Wurin iyo, da gadajen kwanciya na gefensa, da tawul, da lema, duk suna cikin abin da mai ɗaki ya biya. Gadajen ƙididdigaggu ne, masu tsaron ruwa ma an ɗauke su ne daidai yawan mutanen da ake tsammani, ga kuma maganar inshora idan wani ya ji rauni. In otal ya bar kowa ya shiga, wanda ya biya kuɗin ɗaki shi zai rasa wurin zama, kuma shi ne zai je ya rubuta ƙorafi. Otal ɗin Marina Bay Sands na Singafo yana da shahararren wurin iyo a hawa na 57, amma sai da katin ɗaki ake shiga. Mai zuwa daga waje iyakarsa dandalin kallon gari da ake sayar wa tikiti, ko gidajen abincin saman ginin.

Na taɓa ganin abin da ba na so ya same ki. A wani otal, wata uwa ta gama cin abincin rana da 'ya'yanta a gefen ruwa, sai ta ɗauka tunda ta biya kuɗin abinci ai shi ke nan, ta cire wa yaran riguna suka faɗa ruwa. Mai ba da tawul ya zo cikin ladabi ya tambayi lambar ɗaki. Babu. Haka ta fito da su jiƙe sharkaf, ƙaramin yana kuka yana nuna ruwan, tana goge su da gyalenta saboda ko tawul ba a ba ta ba. Ba wanda ya ɗaga mata murya, amma yinin ya riga ya lalace. Da ta yi tambaya tun a ƙofa, wataƙila da an sayar mata da tikiti, domin otal ɗin yana sayarwa.

Na ga wani ɗan'uwa ya ce miki ku shiga kawai da ƙarfin gwiwa kamar masu ɗaki, ba wanda zai tanka. Gaskiya ban yarda da wannan shawara ba. Ko an dace ba a kama ku ba, yini guda za ki yi kina waige-waige, kina kwaɓar yara kada su yi magana, hutun ya zama zaman ɗar-ɗar. Masu faɗin lambar ɗakin da ba nasu ba kuwa, a rubuta musu abin sha a kai, wannan cin haƙƙin wani ne ƙarara, don wani bawan Allah ne zai tarar da kuɗin a lissafinsa ranar tafiya. Kuma in tsautsayi ya gitta yaro ya zame ya ji ciwo, tambayar farko ita ce da wane izini kuka shiga.

Hanyar da ta dace ita ce tikitin yini. Otal-otal da yawa suna sayarwa ko da ba su tallata shi ba, matambayi kuwa ba ya ɓata. Wasu ma sun mayar da shi babbar sana'a: Atlantis The Palm na Dubai yana sayar wa kowa tikitin shiga filin wasannin ruwansa na Aquaventure. Akwai kuma manhajoji irin su ResortPass, wadda ta fi ƙarfi a Amurka, da ke nuna otal ɗin da ke karɓar baƙin yini. Duk da haka ni na fi son in kira otal ɗin kai tsaye, in ce musu a fili ba a nan na sauka ba, mu kaza ne, yara shekarunsu kaza. Sai in tambayi daga ƙarfe nawa zuwa nawa, ko akwai tawul da wurin canza kaya da wurin wanka, ko wani ɓangare na kuɗin ana cire shi daga kuɗin abinci, da irin kayan iyon da suka yarda da su. Kada ki manta da tsayin yara. Yawancin manyan bututun sulu na ruwa suna da ƙa'idar tsayi, kuma ba daɗi ka biya wa yaro cikakken tikiti sannan a tare shi a gindin matakala. Ki kuma nemi a turo miki amsar a rubuce, domin wanda ya ɗauki waya da safe ba lallai ne shi za ki tarar a ƙofa ba.

Rana ma tana da tasiri. Ƙarshen mako da lokacin bukukuwa, in ɗakuna sun cika, sukan dakatar da tikitin yini gaba ɗaya. Tsakiyar mako ya fi sauƙin samu, ruwan ma ya fi sarari.

Bakin teku kuwa ya danganta da dokar ƙasar. A Meziko, mita 20 daga inda ruwa ke kaiwa idan ya cika mallakar gwamnatin tarayya ne, kowa na da damar bi. A Sifen dokar gaɓar teku ta 1988 ta sanya bakin teku cikin dukiyar jama'a, haka ma bakin teku na jama'a ne a jihar Hawai ta Amurka. A irin waɗannan wurare za ki iya shimfiɗa tawul ɗinki a kan yashi a gaban otal mafi tsada ba mai korar ki, amma gadaje da lemomin da aka jera na otal ne, kuma ba dole ba ne su bar ki ki ratsa ta cikin gininsu, sai ki nemi hanyar jama'a. Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, daban take, don galibi otal ɗaya ke riƙe da tsibiri ɗaya sukutum, sai da izininsu jirgin ruwa zai sauke ki. Ƙananan masaukan tsibirin Maafushi sukan shirya wa baƙinsu irin wannan ziyarar yini.

Wajen biya, ki gaya wa mai hidima tun farko cewa ba ku da ɗaki, saboda wasu otal ɗin ba sa karɓar tsabar kuɗi a gefen ruwa, sai kati. Ki duba ƙasan takardar abinci, sau da yawa haraji da kuɗin hidima ba sa cikin farashin da aka rubuta. In da mota kuka je, ki tambaya ko risitin abinci yana ɗauke kuɗin ajiye mota. Ku riƙe katin shaida, kuma in abincin dare ne, a sa kayan fita, ba a shiga da kayan iyo.

Tunda kuna da yawa, ki zauna da maigida ku haɗa kuɗin tikitin kowa, ku gwada shi da kuɗin ɗaki na kwana ɗaya a otal ɗin. Wani lokaci tazarar ba ta da yawa, kuma otal-otal da dama suna barin mai ɗaki ya ajiye kayansa ya fara iyo tun da safe kafin a ba shi makulli, washegari ma ya ci gaba bayan ya mayar da shi. Akwai kuma masu ba da ɗaki na yini kawai, daga safe zuwa yamma, wanda ke da amfani sosai in akwai ƙaramin yaro da zai buƙaci barcin rana. Ki tambaye su duka biyun a kira ɗaya, sai ku zaɓi wanda ya fi muku.