Tambaya da Amsa: In shiga ƙaramar gasa alhali babba na gabana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, aiki ya kawo ni Durban a Afirka ta Kudu, shekaruna 44. Na taɓa yin gudun fanfalaki na kilomita 42, yanzu kuma na yi rajistar gasar Ironman da ake yi a birnin Gqeberha na nan ƙasar. Abokan atisayena sun matsa mini in shiga wata ƙaramar gasar tirayatulon ta 'yan sha'awa, wadda za a yi saura mako bakwai a yi babbar: iyo kilomita ɗaya da rabi, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ban taɓa haɗa ukun a rana ɗaya ba, iyon ma duk a kwamin wanka nake yin sa. Tsorona kada in ji rauni, ko in ɓata makon atisaye a kan abin da ba shi na sa a gaba ba. In shiga ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka shiga. Da tun kafin ka biya kuɗin rajista ka rubuto mini, da na ce ka fara da rabin Ironman, wanda ake kira 70.3, ga shi ma ana yin sa a Durban ɗin da kake: iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Amma tunda ka riga ka ɗaura niyya, wannan ƙaramar gasa ita ce makarantar da ta rage maka, kuma ba na so ka tsallake ta.

Bari in faɗa wa sauran masu karatu irin kayan da ɗan'uwan nan ya ɗauko. Ironman iyo ne na kilomita 3.8, a fito a hau keke kilomita 180, a sauka a yi gudun kilomita 42.2, duk a jere, agogo ba ya tsayawa, kuma galibi sa'o'i 17 ake ba mutum. A Hawaii aka fara shi a Fabrairun 1978 da mutum 15, 12 suka kai ƙarshe, wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, ya kwashe sa'o'i 11 da minti 46. Ita kuwa tazarar da abokansa ke kiran sa zuwa gare ta, ita ake yi a wasannin Olamfik tun na Sydney a 2000, kuma ɗan sha'awa mai matsakaicin ƙarfi yakan gama ta a wajen sa'o'i uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne iyon. Kwamin wanka ruwansa garau, akwai layi a ƙasa yana nuna maka hanya, duk mita 25 ko 50 ga bango ka dafa. Teku babu ko ɗaya. Ka buɗe ido ba ka ganin tafin hannunka sosai, igiyar ruwa ta mare ka daidai lokacin da ka juyo shan iska, ka kurɓi gishiri, wani ya shure ka a kafaɗa, wani ya ture maka tabarau da gwiwar hannu ba da gangan ba. Mitoci 200 na farko su ne masu wuya: numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗaure, mutumin da ke iyon awa guda a kwami ba gajiya sai ya ji kamar yau ya fara koyo. Na fi so wannan ya same ka a gasar da ba ka zuba mata kuɗi da watanni ba.

Kuma ba maganar tsoro kawai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ya tattara mutum 135 da suka rasu ko zuciyarsu ta tsaya a gasannin tirayatulon na Amurka tsakanin 1985 da 2016. Mutum 90 daga cikinsu a ruwa abin ya same su, kuma mafi yawansu maza ne masu shekaru irin naka ko sama. Don haka kafin komai ka je likita ya auna hawan jini ya duba zuciya, ko da kana jin kanka garau. Ranar gasar ka shiga ruwan tun kafin a tashi, ka jiƙa fuska, jiki ya saba da sanyinsa. In an busa, kada ka kutsa tsakiyar cinkoso. Ka tsaya ta gefe ko ta baya, ka bari masu gaggawa su wuce. Duk bugu shida zuwa goma ka ɗaga ido ka hango balan-balan ɗin da aka kafa don nuna hanya, in ba haka ba sai ka ƙara wa kanka tafiya ba ka sani ba. In numfashi ya ƙwace, ka juya rigingine ka huta, ko ka riƙe kwale-kwalen masu tsaro; doka ta yarda, muddin ba jan ka gaba ake yi ba. Ka tuna kuma ruwan Gqeberha ya fi na Durban sanyi, kuma a Ironman ana barin 'yan sha'awa su sa rigar roba in zafin ruwa bai wuce digiri 24.5 ba. Rigar tana taimaka wa mutum ya taso saman ruwa, amma tana matse ƙirji da kafaɗu. Ka sayo ko ka aro taka yanzu, ka riƙa shiga teku da ita tare da abokanka.

Sai wurin sauya kaya, wanda babu atisayen da ke koya shi kamar gasa. Za ka fito daga ruwa jiri na ɗibar ka, don jiki ya daɗe a kwance sai ga shi tsaye yana gudu. Kekuna ɗaruruwa a rataye, duk sun yi kama. Yatsu sun yi sanyi, maɓallin hular kwano ya ƙi shiga. Maganinsa tun da asuba ne: ka ƙirga layin da kekenka yake daga bakin shigowa, ka shimfiɗa ɗan tawul, ka ajiye hular a kan keken bakinta sama igiyarta a buɗe, takalma a sassauce, safa a naɗe yadda ƙafa za ta zura kawai. Doka ce sai ka ɗaure hula kafin ka sauke keke, kuma ba ka hawa sai ka tura shi ka wuce layin hawa.

A kan keke ne nake so ka gwada haƙurinka. A Ironman an hana laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, tazarar mita 12 ake so ga 'yan sha'awa, to ka fara sabawa da ita tun nan. Wani zai zo ya wuce ka, wataƙila wanda ya girme ka, zuciya ta ce bi shi. Ka ƙyale shi. Ka riƙe ƙarfin da in an tambaye ka abu za ka iya amsawa da gajeriyar magana. Yawancin raunin da kake tsoro daga nan yake fitowa, a kwana da gangara, lokacin da mutum ya manta abin da ya kawo shi.

A kan keken kuma za ka gwada cikinka. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki tuƙuru, daga nan sai abin da ka ci a hanya. A doguwar gasa ana so mutum ya samu giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci daga abinci duk awa. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25, ka ga ba ƙaramin ci ba ne, kuma ciki sai an horar da shi kafin ya karɓi wannan ana kan motsi. Duk wanda ya ga hoton Julie Moss a gasar Ironman ta garin Kona na Hawaii a 1982 ya san abin da ƙarewar ƙarfi ke yi: tana kan gaba a cikin mata, saura 'yan mitoci, ƙafafu suka ƙi ɗaukar ta, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa da rarrafe ta ƙarasa. Dabino ne, ayaba ce, ko 'yan leda masu zaƙi da ake rabawa a hanya, ka san wanda cikinka ya yarda da shi tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ruwa ma kada ka yi ta ɗirka zalla. In ya yi yawa yakan tsinka gishirin jini, abin da ke iya kai mutum asibiti. Ka haɗa da abin sha mai gishiri.

Gudu kuwa gidanka ne. Abu ɗaya kawai zai ba ka mamaki: kilomita ɗaya ko biyu na farko bayan sauka daga keke, cinyoyi za su yi nauyi, taku ya ƙi daidaita. Ka gajarta taku, zai sake ka.

Maganar ɓata mako, ba za ka ɓata ba in ba ka ɗauke ta babbar gasa ba. Kada ka yi mata hutun mako guda. Ka sassauta kwana biyu kafin ranar, ita gasar ta zauna a madadin dogon atisayen ƙarshen makon. Bayanta kwana biyu ko uku na iyo da keke a hankali, ƙarshen mako mai zuwa ka koma dogon zangonka. Da yammacin ranar, kafin ka manta, ka rubuta duk abin da ya ba ka matsala, daga inda riga ta goge maka wuya har abin da ya tayar maka da zuciya. In kuwa ka tashi da zazzaɓi ko wata jijiya na ciwo, ka zauna a gida, kuɗin rajista bai kai lafiyarka ba.

Abin da ƙaramar gasar ba za ta koya maka ba shi ne zaman sa'o'i shida ko bakwai a kan sirdi, ga Gqeberha gari ne da ya yi suna wajen iska. Wannan sai doguwar tafiyar keke ta ranakun hutu, kuma ko ɗaya kada ka yafe. Allah ya ba da sa'a, ka rubuto mana yadda ta kaya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kano. Ina sha'awar wannan wasa, ina da keke irin na zuwa makaranta, amma ba ni da kuɗin shiga kwamin wanka na otal. Zan iya koyon iyo a dam ko kududdufi?

Amsa: Ƙanena, kududdufi kam a'a, dam ɗin ma ban ba ka shawara ba. Ruwan da ke kwance a yankunan noman rani na Kano an san shi da tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda fata ta shiga jini ba tare da ka sha ruwan ba, bayan wani lokaci a ga jini a fitsari. Tana da magani, praziquantel, amma in ka koma ruwan za ta sake kama ka. Ga kuma haɗarin nutsewa, don dam yana da zurfin da ba a gani daga baki, kuma mai koyo ba ya shiga ruwa sai da wanda ya iya ceto a kusa.

Ka fara da abin da ke hannunka. Akwai reshen wasan da babu iyo a ciki, gudu ne, sai keke, sai gudu kuma. Ƙaramar tazararsa kilomita 5, da 20, da 2.5. Kekenka ya isa in birki na ci, sarƙa na da mai, taya na da iska. Ka sayi hular kwano, ka koyi yin faci da kanka, ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga kuma kafin titi ya cika da 'yan adaidaita. Sau ɗaya a mako, da ka sauka daga keke ka yi gudun minti goma nan take. Ka riƙa ɗan tari a gefe, in ya taru ku haɗu ku uku ko huɗu ku nemi mai koyarwa a kwami, ya fi sauƙi a kan kowa ya biya shi kaɗai.